Kalangun Baba Sabo da Kujeru Ashirin da Uku

Ranar Larabar nan da ta wuce na tura babur daga Sabon Gari har bakin gada, gumi na zuba min kamar an kwara min ruwa. Mai ne ya ƙare min a tsakiyar hanya. Gidan man farko suka ce injinsu ya lalace, na biyu suka ce manaja ya tafi da makulli, na uku kuwa layinsa ya yi tsawon da har mai awara ta kafa kasko a gefe tana ciniki. Na dubi layi, na dubi rana, na ce ai ƙafa ma Allah ne ya yi ta. Abin da nake wa sauri shi ne taron gaggawa na ƙungiyarmu da aka sa bayan la'asar. Na isa a makare da minti goma sha biyar, ban gama share gumi ba sai ga mutum uku sun tare ni a bakin ƙofa: Jami'in Ladabtarwa, Mataimakin Jami'in Ladabtarwa, da Mai Ba Jami'in Ladabtarwa Shawara. Suka ci ni tarar naira ɗari biyu. Ina cikin laluben aljihu sai ga Mai Girma Shugaba ya iso bayana yana taku ɗaiɗai, su ukun suka rusuna suna yi masa barka da isowa. Shi ba makara ya yi ba, ayyuka ne suka riƙe shi.

Ga wanda bai san mu ba, sunanmu Ƙungiyar Raya Wasa da Kiɗa ta Bakin Kogi. Shekara tara ke nan da muka kafa ta a gindin wani mangwaro, mu 'yan tsiraru, ba mu da komai sai sha'awa. Mukan yi wasan kwaikwayo a filin firamare, mu nuna wa jama'a illar cika jirgin kwale-kwale da lodi, ko ta sayen magani a hannun mai kwali, a yi dariya a watse. Ni tela ne, Tasi'u sunana, ni ke ɗinka kayan wasa, kuma ni ke fitowa a matsayin marowaci, wai fuskata ce ta dace.

Matsalarmu ta samo asali ne daga son zaman lafiya. A shekara ta biyu mutum biyu suka yi rigima kan wanda zai zama sakatare, har aka kai ga cire hula. Wani dattijo a cikinmu, Allah ya jiƙansa, ya ce abu mai sauƙi ne: a ba ɗaya Sakatare, a ba ɗayan Sakataren Tsare-tsare, kowa ya huce. Aka yi haka, suka huce, har suka koma gida a babur ɗaya. To, tun daga ranar muka samu magani guda na kowace cuta. Duk wanda ya ɗaga murya a taro, sai ka ji an ce, a ba shi kujera ya huce. Wata ta tambayi inda kuɗin lemo ya shiga, ta zama Shugabar Walwala. Wani ya yi fushi don an shigo ba a gaishe shi ba, ya zama Daraktan Gaisuwa da Tarbar Baƙi. Muna da Jami'in Hulɗa da Ƙasashen Waje, bawan Allah da kafin ya hau kujera tafiyarsa mafi nisa ita ce Gaya, ita ma ta'aziyya ce ta kai shi.

Sannan aka kawo wata doka mai cike da hikima: tunda mai kujera yana sadaukar da lokacinsa, bai kamata ya biya kuɗin wata ba. A maimakon haka ma, duk zaman da aka yi a ba shi naira ɗari biyar a ambulan, kuɗin zama. Yau mu ashirin da biyar ne a ƙungiyar. Ashirin da uku masu kujera ne. Talakawan ƙungiya, masu biyan dubu ɗaiɗai duk wata, masu zama a tabarma a bakin ƙofa, mu biyu ne rak, ni da Baba Sabo mai kalangu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu iya magana, amma ko gardin nan shi kaɗai yake zuwa, ba ya zuwa da mataimaka ashirin da biyu.

Baba Sabo ya haura sittin. Mutum ne mara yawan magana, shi ya sa bai taɓa samun kujera ba, don kujerarmu sai da hayaniya. Kalangunsa shi ne gonarsa kuma shi ne rumbunsa. Duk Juma'a, ranar kasuwa, yakan tsaya a layin mahauta ya kaɗa musu, wannan ya miƙo ɗari biyar, wancan ya yanko tsoka, abin da ya tara shi ke riƙe gidansa na mutum bakwai har wata Juma'ar. A wasanninmu kuwa, ko mu muna sane, rabin 'yan kallo kiɗansa ne ke jawo su, ba rowata ba.

Wannan kalangun ne ya fashe a bakin aikin ƙungiya. An shirya bikin karrama Uban Ƙungiya, wani babban mutum da ni dai ban taɓa gani ba sai a hoto. Aka tsayar da Baba Sabo a bakin titi tun ƙarfe goma na safe, cikin zafin nan da ke narkar da kwalta, aka ce da ya hango mota ya saki kiɗa. Duk motar da ta ɓullo sai Mai Girma Shugaba ya ɗaga hannu. Baba Sabo ya yi wa motar yashi kiɗa, ya yi wa motar shanu kiɗa, ya yi wa wata motar gawa ma kafin a ankara. Uban Ƙungiya bai zo ba, ya turo wakili, wakilin ya turo direbansa da saƙon ban-haƙuri. Ana cikin yi wa direban kiɗa, wajen azahar, fata ta ce ɓarr, ta tsage biyu.

Mai haɗa kalangu da ke Ɗankaza ya ce dubu tara, fata da aiki. Juma'a uku ke nan Baba Sabo bai leƙa layin mahauta ba. Na je gidansa ranar Litinin na tarar da shi yana sassaƙa muciya zai kai kasuwa, mutumin da hannunsa bai san komai ba sai kiɗa. Bai yi min ƙorafi ba, ya dai tambaye ni ko manya sun ce wani abu. Wallahi abin ya ci min rai, na fito ina jin kunyar kaina. Mai haɗa kalangun ya ce in kuɗi suka iso hannunsa da safiyar Alhamis, za a samu kalangu ranar Juma'a, in sun wuce haka sai wani makon. Taron Larabar nan shi ne na huɗu da aka kira a kan maganar.

Da zan fito, maƙwabcina Auta mai shayi ya tambaye ni ina zuwa da rana haka. Na ce taron kalangu. Ya ce shi a saninsa kalangu fata ake sa masa, bai san ana sa masa taro ba. Na ce masa ba zai gane ba, harkar ƙungiya sai 'yan ƙungiya. Ya ce haka ne, shi ma tukunyarsa in ta huje, mai walda yake kai wa don jahilci.

Aka buɗe taro da addu'a. Daraktan Gaisuwa ya gaishe da masu kujera ɗaya bayan ɗaya da cikakken muƙaminsu, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwan bara, abin ya ci minti ashirin. Sannan Mai Daraja Ma'aji ya gyara tabarau ya karanto rahoto. A farkon shekara wata Hajiya, 'yar asalin Lajawa da ke kasuwanci a Kano, wadda ta taɓa ganin wasanmu a da ya burge ta, ta ba mu dubu ɗari biyu, ta ce a raya wasa. Tunda yaba kyauta tukwici, kuma zuwa da kai ya fi saƙo, sai aka ɗauki hayar bas biyu, masu kujera kaf suka je Kano godiya, da allon karramawa, da abincin rana, dubu sittin da biyu. Aka ɗinka wa masu kujera hula iri ɗaya, mata kuma mayafi, don kada a raina mu a bainar jama'a, dubu hamsin da bakwai da ɗari biyar. Ba a ba ni ɗinkin ba, an ce a guji son kai. Aka buga ƙyalle mai hoton Mai Girma Shugaba yana kallon sama, aka yi hatimi da takardu masu tambari. Sai kuma tarukan gaggawa uku kan kalangu, kowanne dubu goma sha ɗaya da ɗari biyar kuɗin zama.

Abin da ya rage, in ji Ma'aji, dubu goma sha biyu da ɗari biyar ne. Ga ambulan ashirin da uku nan a kan tebur na zaman yau. In an fitar da su saura dubu ɗaya. Saboda haka, cikin baƙin ciki, ƙungiya ba ta da halin gyaran kalangu a wannan zangon, amma tana tare da Baba Sabo a cikin addu'a. Aka yi tafi. Dole in yaba masa, ban taɓa ganin lissafi mai tsabta irin wannan ba, ko sisi bai ɓata ba. Mu a ƙungiyarmu ba a sata, Allah ya kiyaye. Komai da rasit ake cinye shi.

Nan fa jinina ya hau. Na miƙe daga tabarma ba tare da neman izini ba. Na ce kuɗin da aka kashe ana tattauna fata ya isa a sayi fata uku da canji. Na ce mutumin nan a rana kuka shanya shi kamar kuɓewa, yau 'ya'yansa na kwana da abin da ya samu. Na ce shekara biyu rabonmu da wasa, don duk masu fitowa a wasan sun zama daraktoci, kuma darakta ba ya shafa gawayi a fuska. Na faɗi abubuwa da yawa, wasu ma ba su rubutuwa a jarida. Na ga Shugaba ya karkata ya raɗa wa Sakatare, Sakatare ya raɗa wa Sakataren Tsare-tsare, raɗa ta zagaye tebur ta dawo.

Shugaba ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Tasi'u, kishinka ya burge mu. Irinku ƙungiya ke nema. Mun naɗa ka Shugaban Kwamitin Binciken Musabbabin Fashewar Kalangu."

Sai aka buɗe kabad aka fito da hula. Ashe kullum akwai guda a ajiye saboda irin wannan rana.

Jama'a, zan gaya muku gaskiya, don ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tun da aka ɗinka ta nake zagin hular nan daga nesa, ban taɓa ganinta kusa ba. Ruwan toka ce, da aikin zare shuɗi, kuma kamar an gwada kaina. Ga shi maiɗakina Ikilima ta daɗe tana min gori, wai duk layinmu ni kaɗai ne ba a kira da komai, hatta mai wankin mota sakataren wani abu ne. Na dubi hula, na dubi kujerar roba da aka jawo min ƙarƙashin fanka. Na ce a raina, ai gyara daga ciki ya fi. Kafin in gama wannan tunanin na ji kaina a zaune, ana min barka. Ban iya kallon wajen tabarma ba.

Ma'aji ya sake gyara tabarau. Ya ce akwai 'yar matsala: tunda masu biyan kuɗin wata sun ragu daga biyu zuwa ɗaya, dole a ninka kuɗin don cike giɓi, Baba Sabo zai riƙa biyan dubu biyu. Aka fara cewa an amince, an amince. Sai aka ji wata siririyar murya daga ƙarshen tebur. Khaulat ce, ɗalibar jami'a da ta shigo cikinmu don tana rubutu kan wasan kwaikwayo. Ita ma tambayar littafin rahoton taro ta yi bara, ta wayi gari Mataimakiyar Sakatare ta Biyu. Bambancinta da sauran shi ne ta karanta kundin tsarin ƙungiyar, wanda mu muka biya wani ya rubuta mana shekara tara da ta wuce muka sa a leda.

Ta ce, da izinin Shugaba, kundi ya hana a taɓa kuɗin wata sai da yardar Babban Taro. Shugaba ya ce ai ga Babban Taro nan zaune, ya nuna tebur. Ta ce a'a, ranka ya daɗe. Ta buɗe shafi ta karanta a hankali: Babban Taro shi ne taron 'yan ƙungiya masu biyan kuɗin wata, shi ne sama da kowace kujera, kuma hukuncinsa a kan dukiyar ƙungiya shi ne na ƙarshe.

Kai ashirin da huɗu, har da nawa da sabuwar hula, suka juya wajen bakin ƙofa. Babban Taro na zaune a tabarma ya miƙe ƙafa, fasasshen kalangu a cinyarsa, yana korar ƙuda. Ni kuwa lissafin da ke raina daban: minti biyar da suka wuce ni ne rabin gwamnati ban sani ba, na sayar a kan hula.

Shugaba ya saki murmushi, don a ganinsa abin ya zo da sauƙi. Ya ce Baba Sabo ya daure ya ce ya amince a wuce wurin, magariba na matsowa. Baba Sabo bai dube shi ba, ya dubi Khaulat.

"'Yata, wato abin da na faɗa shi ne?"

"Shi ne, Baba."

"Ko da ni kaɗai ne?"

"Kundi bai faɗi adadi ba, Baba."

Baba Sabo ya gyara zama a tabarma. Sannan ya ce shi bai iya turancin taro ba, amma Babban Taro ya ce ba a ƙara ko kwabo ba. Kuma Babban Taro ya ce ambulan ɗin nan da ke kan tebur a buɗe su, a ƙirga dubu tara a kai Ɗankaza da sassafe. Abin da ya saura a sayi gawayi da hoda, don Babban Taro yana son ganin wasa kafin azumi. Khaulat ta tambaya ko akwai mai goyon baya. Ya ce ya goyi bayan kansa. Ta ce masu amincewa su ɗaga hannu, ya ɗaga. Ta ce masu adawa, ya waiga hagu da dama a kan tabarma, babu kowa. Ta rubuta.

Ban taɓa ganin manya sun shiga ruɗani irin na ranar ba. Jami'in Ladabtarwa ya miƙe, ya tuna ba shi da hurumi, ya zauna. Ma'aji ya dafe ambulan da hannu biyu kamar kaza a kan ƙwai. Raɗa ta sake zagaye tebur, wannan karon da gudu. Da ma magani ɗaya muka sani. Shugaba ya miƙe da kansa, ya cire hular kansa, don ta kabad ta ƙare a kaina, ya taka har bakin tabarma ya durƙusa. Ya ce an daɗe ana zaluntar dattijo, yau za a gyara: daga yanzu shi ne Babban Daraktan Kiɗa na Dindindin, ba zai sake biyan ko sisi ba, ga ɗari biyar duk zama, ga kujera mai hannu.

Ku tuna mutumin nan mako uku bai ga kuɗin kiɗa ba. Na rantse na zaci zai karɓa, don ni da nake da keken ɗinki ma ban yi minti ɗaya ba. Ya dubi hular, ya yaba aikinta, ya ce ta yi kyau ƙwarai.

"Mayar da abarka, ranka ya daɗe, kada rana ta dake ka. In na hau kujera, wa zai biya ku?"

Aka buɗe ambulan. Har da tawa, wadda aka ƙara a gurguje, ban ko taɓa ta ba. Khaulat ta ƙirga a gaban kowa, kuma Babban Taro ya umarci Jami'in Hulɗa da Ƙasashen Waje ya kai kuɗin Ɗankaza, ya dawo da rasit.

Da na koma gida na shaida wa Ikilima cewa duk dabarata ce, na karɓi kujera ne da gangan don Baba Sabo ya zama shi kaɗai. Ta dube ni, ta dubi hular, ta ce, "Haka ne, Baban Jamil. Shi ya sa tun da ka shigo kake leƙa madubi." Na jawo kwano, don mai gaskiya ba a ja da shi a kan tuwo.

Ranar Juma'a na shiga kasuwa sayen zare. Tun daga nesa na jiyo shi, sabuwar fata tana magana tas, mahauta na ihu suna wasa wuƙa, wani ya rataya masa tsoka a leda a kafaɗa. Daɗi ya kama ni har idona ya kawo ruwa, kunya kuma ta sa na sunkuyar da kai zan zame ta bayan masu albasa. Ina! Ya hango ni. Ya juyo da kalangu ya bi ni, yana kaɗa min kirarin manya, yana faɗa wa mahauta su buɗe hanya ga Shugaban Kwamitin Bincike. Duk layin suka juyo. Wanda aka yi wa kiɗa a gaban jama'a kuwa kun san abin da ke kansa. Na zaro ɗari biyu, wani mahauci ya ce haba, shugaba guda. Na zaro ɗari biyar, kalangu bai yi shiru ba. Sai da kuɗin zaren nan kaf, dubu uku, suka koma aljihun Baba Sabo, sannan ya sassauta, ya matso kusa da kunnena ya ce Babban Taro ya gode, kuma wasan da za a yi ni ne marowaci, in zo da fuskata.

Kuɗin wata uku ke nan a tsaye ɗaya, ga shi na koma shago babu zare. In akwai mai sha'awar kujera a cikinku, tawa na nan, ban ma ɗumama ta ba. Hular dai zan riƙe.